Kafin A Taɓa Ɓeran Gwaji, A Rubuta Takarda

Jama'a, wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi zancen wata takarda wadda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma tana da hannu cikin allurar da a ke yi wa shanunmu, da ƙullin maganin da mu ke saye don tumaki da kaji. Ita ce takardar neman izni wadda mai bincike ya ke cikawa kafin a yarda masa ya yi gwaji a jikin dabba mai rai.

Duk maganin dabbobi na kirki, kafin ya iso hannun Malamin Dabbobi, sai an gwada shi. A kan fara da ƙananan dabbobi waɗanda a ke kiwo musamman don wannan aiki, watau farin ɓera, da ɓeran Masar, da zomo, da 'yan tsaki. In an ga alamar nasara sa'an nan a hau kan awaki da tumaki da maruƙa. Ana irin wannan aiki a Vom tun 1924, ana yi a ma'aikatar binciken sammore ta Kaduna, da Shika, da jami'o'inmu. A zamanin da, mai bincike shi da zuciyarsa ne kawai. Yanzu kuwa manyan wuraren nan suna da kwamiti na duba yadda a ke riƙon dabbobin gwaji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da nata, Vom ma haka. Sai ka kai musu takarda, su karanta, su yi maka tambayoyi, sa'an nan su ba ka lamba ko su ce ka koma ka gyara.

Na sha jin samari masu karatu suna kukan wannan takarda, suna cewa ɓata lokaci ce, al'adar Turawa ce da a ka ɗora mana. Ni dai ra'ayina dabam ya ke, kuma shi na ke so in shimfiɗa muku. A ganina cika takardar nan shi ne rabin aikin, kuma wanda ya kasa cika ta da gaskiya bai isa ya taɓa ko ɓera ɗaya ba tukuna, balle akuya.

Gaskiya ne daga waje abin ya zo. Ingila ta yi dokar gwaji da dabbobi tun 1876, ta sake wata a 1986, wadda ta ce sai an sami lasin uku kafin a fara: na mutumin da zai taɓa dabbar, da na aikin kansa, da na gidan da za a yi shi. Amurka ta yi tata a 1966, a 1985 kuma ta tilasta kafa kwamiti a wuraren bincike. Amma tushen tambayoyin da ke cikin takardar, kusan ko'ina a duniya, daga littafin wasu Turawan Ingila biyu ya fito, Russell da Burch, a 1959. Abu uku su ka kawo. In akwai hanyar gano amsa ba tare da dabba mai rai ba, a bi ta. In babu, a rage yawan dabbobin iyakar abin da zai ba da amsar gaskiya. Waɗanda a ka ɗauka kuwa, a sassauta musu wahala iyakar iyawa. To, wane makiyayi ne zai ji wannan ya ce baƙon abu ne? Mahaucin garinku ma ya san ba a yanka da dakusasshiyar wuƙa.

Bari mu ɗauki misali don magana ta fito fili. A ce wani ɗalibi ya ji Fulani suna jiƙa ɓawon maɗaci suna ba shanu, yana so ya gwada ko yana kashe ƙwayar sammore. Niyya ce mai kyau, gama sammore ya daɗe yana cin dukiyarmu, ga kuma Berenil da Samorin da mu ka dogara gare su ba kullum su ke ci ba yanzu, ƙwayar ta fara sabawa da su a wurare da yawa, ban da jabun da ya cika kasuwa. Abin da takarda za ta fara tambayarsa shi ne, mene ne ainihin abin da ka ke so ka gano, kuma wa zai amfana? Ana so ya amsa da magana wadda kowa zai gane, har da wanda bai yi karatun likita ba. Nan ne da yawa su ke tuntuɓe. Su kan cika shafi da manyan kalmomi, amma in ka ce su faɗa maka cikin jimla biyu sai su yi shiru. Sa'an nan za a tambaye shi ko wani ya riga ya yi wannan gwaji. Maɗaci da dogon yaro an sha gwada su a jikin ɓeraye a ƙasar nan. In bai karanta abin da na gabansa su ka samu ba, to, zai kashe ɓeraye ne don ya gano abin da ke ajiye cikin laburare.

Tambaya ta biyu ita ce, ba yadda za ka yi sai da dabba? Kada ku ce wannan tambaya wasa ce, ku tuna da bushiya. Dattawa sun ba mu labarin yadda ta share garake wajen 1890, ta kuma dawo mana a 1983 ta bar Fulani da yawa riƙe da sanda ba saniya. Shekaru masu yawa da jikin akuya a ke yin allurar riga-kafinta: a sa wa akuya cutar, in zazzaɓi ya kama ta a yanka, a cire saifarta a sarrafa. Hanyar nan daga Indiya ta samo asali. Awaki ba iyaka sun tafi a haka, allurar kuma ta kan yi wa wasu shanu ƙarfi, musamman ƙananan nan marasa tozo irin muturu, har a kan koma ga wadda a ke yi da zomo saboda su. Sai wani likitan dabbobi, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a Nijeriya ma, ya zauna a Muguga ta ƙasar Kenya daga ƙarshen shekarun 1950, ya gano yadda za a raini ƙwayar cutar cikin kwalba, a kan tsokar ƙodar maraƙi. Ba a rabu da yanka ɗungum ba, gama ƙodar daga maraƙi ta ke fitowa, amma ƙoda kaɗan ta kan ba da allurar garake masu yawa, ga ta da sauƙi a jikin kowace irin saniya. Babban yaƙin riga-kafi da a ka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru ya ci moriyarta ƙwarai, a 2011 kuma a ka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Kun ga hanyar da ta rage wa akuya wahala ita ce dai ta fi yi wa saniya amfani.

'Yan kasuwar gyaɗa ma suna da nasu labarin. A 1960 talotalo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da a ka kawo daga Barazil, daga nan a ka gano dafin nan da a ke kira afalatoksin. Da fari 'ya'yan agwagwa a ke ɗura wa a ga ko za su mutu, don a san buhu mai dafi. Yau awon ɗakin gwaji ya ɗauke musu wannan, ya kuma fi su faɗin gaskiya. Saboda haka ɗalibinmu mai maɗaci, kafin ya nemi ɓera, sai ya fara zuba ruwan ɓawon a kan ƙwayar sammore cikin kwalba ya duba da madubin likita. In bai taɓa ta a nan ba, ina dalilin ɗura wa mai rai?

Inda na fi so in tsaya shi ne tambaya ta uku: dabbobi nawa, kuma don me wannan adadi? Nan ne aikin ya haɗu da nawa. Duk wanda ya yi makarantar aikin gona an koya masa yanka gonar gwaji. In kana so ka gwada sabon taki, ba ka zuba shi a fadama ka bar jigawa ba taki, sa'an nan ka zo ka ce taki ya yi aiki. Sai ka yanka fili kashi-kashi, ka maimaita kowane gwaji sau uku ko huɗu, ka bar wasu fegi ba kome don awo, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi fegin da zai sami taki, ba idonka ba. Wannan dabara a gona a ka haife ta. Wani masanin lissafi, R. A. Fisher, shi ya tsara ta a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, inda ya kama aiki a 1919, daga baya likitoci su ka ara. Haka nan a ke so a yi da ɓeraye. In ɗalibi ya sa hannu cikin keji ya kama waɗanda su ka fi sauƙin kamawa ya ce su ne za su sha magani, ai ya tara raunana a gefe ɗaya ke nan tun kafin a fara. Kuma ya kamata wanda zai auna su kada ya san wanne ya sha magani wanne bai sha ba, domin ido ya kan ga abin da zuciya ta ke so.

Mutane su kan zaci rage dabbobi shi ne a ɗauki kaɗan kawai. Ba haka ba ne. Wanda ya ɗauki ɓera 100 inda 40 za su isa ya yi ɓarnar 60. Amma wanda ya ɗauki 8 inda sai 40 za su ba da amsa, ya yi ɓarnar takwas ɗin duka, gama sun sha wahala ba a gano kome ba. Wannan na biyun ya fi mugunta, don sau da yawa ya kan fito da amsar ƙarya, a buga ta, wani mai wayo ya ɗura ruwan ɓawo cikin kwalba ya rubuta cewa masana sun gwada, ya kawo mana kasuwar ƙauye. Akwai lissafin da a ke yi a san adadin da ya dace, kuma kwamiti na kirki ba ya karɓar amsar da yawancin ɗalibai su ke bayarwa, watau wai haka na baya su ka yi. Ko wajen auna ƙarfin dafin magani an sami ci gaba. Tsohuwar hanya, wadda ta samo asali a 1927, ta kan ci dabba 30 ko fiye don a san awon da zai kashe rabinsu. Hanyar Lorke ta 1983, wadda a ke yawan bi a jami'o'inmu, 12 ko 13 ta ke bukata, akwai ma sababbi da ba su kai haka ba.

Sai zancen wahala. Takarda tana so a faɗi duk abin da za a yi wa dabbar, daga ranar da ta shigo har ranar da ta fita: allura nawa, a ina, jini nawa za a ɗiba, sau nawa, wa zai ɗiba, a ina ya koya. Ƙaramin farin ɓera mai nauyin giram 25, jininsa duka bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙa'ida ita ce kada a ɗibi fiye da kashi 10 cikin 100 a lokaci ɗaya, watau ɗigo uku ko huɗu, sa'an nan a bar shi makonni ya mayar. Wanda bai san wannan ba zai tsotse ɓeransa, ya rubuta cewa sammore ne ya shanye masa jini. Ƙasashen Turai, bisa dokarsu ta 2010, sun kasa wahala kashi huɗu: mai sauƙi, da matsakaiciya, da mai tsanani, da wadda a ke sa dabba barci a yi aikin ba ta sake farkawa ba. Dole mai nema ya faɗi ajin da aikinsa ya faɗa, kuma rage wa abin girma don a sami izni da wuri ha'inci ne.

Akwai wata tambaya a nan wadda na ke ganin ta fi duka nauyi: yaushe za ka tsaya? Ɓeran da a ka sa wa sammore, in magani bai ci ba, zai rame, gashinsa ya tashi, ya daina ci, ya kwanta. Ba dole ba ne a zuba masa ido har ya mutu don kawai a rubuta ranar mutuwarsa. Tun a takarda a ke yanke cewa in ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya kasa kai bakinsa ga ruwa, za a hutar da shi nan take ta hanya mai sauri. Wannan yana nufin wani zai riƙa duba su kullum, har Asabar da Lahadi da ranar Salla, kuma sunansa yana cikin takardar. A 2010 masana a Kanada sun nuna ana iya gane ciwo a fuskar ɓera, ta yadda ya ke runtse ido da yadda ya ke kwantar da kunne da gashin baki. Na yi murmushi da na ji haka, gama kowane yaron Fulani da kunne da ido ya ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga nesa. A shekarar nan dai wasu a Ingila su ka nuna ɗaukar ɓera ta wutsiya yana firgita shi, gara a tallabe shi a tafin hannu ko a bar shi ya shiga ɗan bututu a ɗaga. Wannan gyara ko kwabo ba ya ci.

Wurin kwana da abinci kuwa, nan ne ƙasarmu ta ke da nata matsaloli, kuma nan ne na ke roƙon masu cika takarda su daina kwafe amsar Turawa. Littattafai sun ce ɗakin ɓeraye ya zauna wajen digiri 20 zuwa 24. Mu kuwa a watan Afrilu zafi ya kan wuce 40 a Kano da Sakkwato, ga wutar lantarki ba tabbas. Wanda ya rubuta digiri 22 alhali ɗakinsa rufin kwano ne ba ko silin, ya yi wa kwamiti ƙarya, ya kuma yi wa kansa, don ɓeran da zafi ya galabaitar ba zai nuna aikin magani daidai ba. Gara ya faɗi gaskiya, ya ce ga dabarar da zai yi, ko ya ɗaga aikin zuwa lokacin sanyi. Haka nan abinci. Da yawa abincin kaji su ke saye su ba ɓeraye. In buhun ya yi fumfuna, hantar ɓera za ta lalace, a ɗora wa maɗaci laifin da ba nasa ba. Kuma dabbar da a ka kawo daga nesa cikin mota a kan bar ta kamar mako guda ta huta ta saba da wuri kafin a fara.

Tambayar ƙarshe ta shafe ku kai tsaye, ku mahauta da masu sayen nama: ina za a kai dabbobin bayan an gama? Ɓera ba mai damuwa da shi, a ƙone ko a binne da zurfi. Amma tunkiya ko akuya da a ka sa wa cuta, a ka ɗura mata maganin da ba a gama sanin halinsa ba, kuɗi ce a idon wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba. In takarda ba ta faɗi wanda zai tsaya a kan binne ta ba, kada ku yi mamaki in ta ɓullo a kan teburin mai tsire.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, Malam, mutane suna kwana da yunwa, asibiti ba magani, kai kana kukan ɓera? Maganarsa tana da nauyi, ba na raina ta. Amma ya duba duk abin da na lissafa a sama, ya nuna mini guda ɗaya wanda kyautata wa dabbar ya ɓata aikin. Ɓeran da ya ƙoshi, bai firgita ba, ba a tsotse shi ba, shi ne ya ke ba da amsar da za a dogara gare ta. Kuɗin bincike kuwa daga aljihun talaka ya ke fitowa, ta hanyar haraji ko ta kuɗin makarantar da uba ya sayar da hatsi ya biya. Ƙasar da ba ta da kuɗin zubarwa ita ta fi bukatar a yi gwaji sau ɗaya a yi shi daidai.

Abin da ya ke ɓata mini rai shi ne wata al'ada da ta fara yaɗuwa. Mutum ya gama gwajinsa sarai, ɓeraye sun daɗe a rami, sai mujallar da zai aika wa ta ce ba ta bugawa sai da lambar izni, sa'an nan ya zo yana bin 'yan kwamiti yana a taimaka masa. Wannan daidai ya ke da neman iznin gini bayan an yi rufi. Kwamitin da ya ba da lamba a haka ya zama kantin sayar da hatimi. Su ma 'yan kwamiti akwai abin da ke kansu. Ɗalibin da ke da shekara guda ya gama karatu, in takardarsa ta kwana wata huɗu cikin durowa ba amsa, an tura shi ga hanyar banza ke nan. A sa ranar zama sananniya, a ba da amsa cikin makonni kaɗan, in an ƙi a faɗi dalili a rubuce yadda zai gyara.

Ina da shawara guda kuma. A Amurka doka ta ce lalle a sa mutum ɗaya cikin kwamiti wanda ba ma'aikacin gidan ba ne, don ya tsaya a madadin jama'a. Mu ma a yi haka, kuma kada a tsaya kan manyan mutane masu rawani kaɗai. A nemo makiyayi ko mai kiwon kaji wanda ya san dabba da hannunsa, a fassara masa taƙaitaccen bayanin aikin da Hausa ko Fulatanci. Shi ne zai tambayi abin da likitoci su ka manta, kamar wa zai kawo ruwa ranar da famfo ya ɗauke.

Ku kuma manoma, wani lokaci masu binciken nan su kan fito har ruga ko gidan gona, su ce za su ɗibi jinin shanu ko su gwada sabon magani a garke. Ku karɓe su da mutunci, aikinsu domin ku ne. Amma ku tambaye su daga ina su ke, ku ce su nuna takardar izninsu da lambarta, in ba ku karatu ku kira Malamin Gona ko Malamin Dabbobi na gundumarku ya duba. Ku tambayi kwana nawa za a yi kafin a sha nonon ko a yanka dabbar da a ka yi wa allurar, da wanda zai biya in saniya ta faɗi, ku kuma ce a rubuta muku wannan a takarda kafin a kama saniyar farko.